Takardar da Aka Ɗora a Sama

Ku matso kusa, akwai wata magana da na kasa yanke wa hukunci ni kaɗai.

A Rafin Kanya akwai wata tsohuwa, Iya Talle, da mijinta ya rasu ya bar mata lambun mangwaro mai itace arba'in da ɗaya. Maƙwabcinsu Alhaji Nomau ya kai ƙara cewa lambun na mahaifinsa ne. Kotu ta ba ta zuwa ranar Alhamis ta shigar da amsa, in ba haka ba a yanke hukunci babu ita. Yanzu kuma ba a miƙa wa magatakarda takarda hannu da hannu, ta kwamfuta ake turawa. Akwai gurbi ɗaya na babbar takarda, sauran duk a ƙarƙashinta ake jera su a matsayin shaida.

'Ya'yanta uku suka tashi tsaye.

Sallau, babbansu, shi ya samo takardar sayen lambun, mai rubutun ajami da dangwalen yatsan mahaifinsu. Tana cikin akwatin marigayi dagaci, ɗan dagacin kuwa surukin Nomau ne. Sau uku Sallau ya je zauren ɗan dagacin, a na ukun ya dawo da ita. Har yau bai faɗi abin da suka ƙulla a zauren nan ba.

Mato, wanda ya taɓa aiki a ofishin wani lauya, shi ya rubuta amsar, shafi huɗu, babu kuskuren kwanan wata ko ɗaya. Amma da aka zauna ranar Laraba, Iya ta ce takardar mijinta za a ɗora a sama, don ba za ta yarda a sa yatsan Malam a ƙarƙashin rubutun jiya ba. Mato ya san ba haka ake yi ba, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Shi dai ya ce kunyar uwa ce ta hana shi. Wasu kuma sun ce sun gan shi a rumfar Nomau a makon.

Kulu, autarsu, ita ta iya kwamfuta. Iya ta riƙe hannunta ta ce, "Auta, yi mini alkawari ta babanki ce a sama." Kulu ta yi alkawari. Da ta je gari ta karanta ƙa'idar, sai ta ɗora amsar Mato a sama, ta sa ta mahaifinsu a cikin shaidu. Ta dawo ta ce an gama, ta ɓoye abin da ta yi har mako biyu.

Ranar zaman kotu magatakarda ya ce da tsohuwar takardar aka sa a sama, da an dawo musu da ita a ce ba su ba da amsa ba, ga wa'adi ya wuce. A nan Iya ta fara jin abin da aka yi. Alƙali ya karanta amsar, ya duba shaidar, ya bar mata lambunta.

Ba a yi murna sosai a gidan ba. Iya ta tsufa, Nomau kuma ya ce zai ɗaukaka ƙara, dole ta damƙa wa mutum ɗaya takardun da kula da lambun. Ta kira su, ta ajiye mabuɗin akwatin takardun a kan tabarma.

Ta ce, "Ɗaya ya ɓoye mini yadda ya samo, ɗaya ya ga zan faɗa rami ya ƙyale ni, ɗaya ta dubi idona ta saɓa. Kuma ba don ku ba, da yanzu Nomau ke tsinkar mangwaron Malam."

Mabuɗin yana nan a kan tabarma. To, ku da kuka ji, a hannun wa za ta sa shi ta samu kwanciyar rai?