Sarkin da Ya Hana Wasa

A zamanin da, tun fatake na kwana a zango su tashi da jakuna, an yi wani gari mai ganuwa a inda hanyoyi suka haɗu. Ba irin mutanen da babu a cikinsa. Ga Hausawa, ga Barebari masu kanwa, ga Nufawa masu tabarmi, ga Buzaye da raƙumansu, ga rugagen Fulani a bayan ganuwa. In baƙo ya shiga kasuwar garin nan sai ya rantse za a zubar da jini kafin la'asar, don abin da zai fara ji shi ne Babarbare yana ce wa Bafulatani, "Kai bawana, zo ka ɗaukar mini kaya," Bafulatanin kuma ya amsa, "Ji ɗan banza, yaushe na 'yanta ka?" Amma jini ba ya zuba. Wasa ne da suka gada kaka da kakanni, kowace ƙabila da abokan wasanta, kuma duk abin da abokin wasa ya faɗa maka ba ka da damar yin fushi.

Wazirin garin wani dattijo ne, Gwadabe, wanda ya tsufa a fada har gemunsa ya yi fari fat. Da tsohon sarki ya rasu, sai aka naɗa ɗansa Nadabo. Shi kuwa Nadabo ba a garin ya tashi ba. An kai shi wurin kawunnansa a wata ƙasa tun yana ƙarami, kuma a gaban idonsa ƙabilu biyu na can suka far wa juna, suka ƙone garinsu ƙurmus. Bai taɓa warkewa daga abin da ya gani ba, Allah sarki.

Ranar da ya fara ratsa kasuwa a matsayin sarki, ya ji abin da ya ji, ya koma fada. Ya sa aka tara fadawa ya ce, "Daga yau duk wanda ya ambaci ƙabilar wani da zagi ko ƙasƙanci, ya bar mini gari, shi da dawowa har abada. Ni ba zan ga wuta sau biyu ba."

Waziri Gwadabe ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abin da ka ji ba zagi ba ne. Wasa ne. Da shi mahaifinka ya riƙe garin nan, da shi ake kashe rigima tun ba ta kai gaban alƙali ba."

Sarki ya ce, "Baba Waziri, a can ma da dariya aka fara. Na ga waɗanda suka yi dariya da safe suna kwance a bakin hanya da yamma. Kai ka gani?"

Waziri ya ce bai gani ba. To me zai ce? Yaron nan ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne, kuma mai tsoro ba ya jin bayani. Haka Waziri ya fita da bakinsa ya sa sankira ya yi shelar dokar da ya san za ta cuci garin.

Kai, ba a daɗe ba gari ya yi tsit kamar gidan makoki. Mutanen da suka saba tarar juna da tsiya suka rasa abin da za su ce wa juna, sai "Sannu" da "Yauwa", kowa ya wuce yana kallon ƙasa. 'Yan matan Fulani suka daina shiga unguwar Barebari da nono, don tsoron kada a tsokane su bakinsu ya suɓuce. Da damina shanu suka shiga gonar wani Babarbare. A da, sai mai gonar ya je ruga ya ce shanun bawansa ai nasa ne, ya kwashi man shanu da ƙwaryar kindirmo, a yi ta dariya, a ba shi haƙuri, magana ta mutu. Wannan karon ba wanda ya isa ya buɗe baki, sai sanduna suka yi magana, aka fasa kawuna. Da labari ya iso fada Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Ka gani ko? Da ban hana ba, da abin ya fi haka." Waziri ya sunkuyar da kai, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ana cikin haka annoba ta faɗa wa shanu. Ardo Maude, shugaban Fulanin bayan ganuwa, ya wayi gari ba shi da ko maraƙi. Ya shiga bukkarsa ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, ya daina cin abinci. Kun san Bafulatani da kunya. Ba zai ce yana jin yunwa ba, ba zai ci na sadaka ba, kuma duk wanda ya zo da tausayi a fuska sai ya ƙara masa ciwo. 'Ya'yansa suka roƙa, malamai suka yi nasiha, Waziri da kansa ya je ya zauna a bakin bukka yana lallashi. Ardo ya ce, "Na gode, Waziri, na ƙoshi." Waziri ya dawo gida ya tabbata mutumin nan mutuwa zai yi.

Akwai wani Babarbare mai fataucin kanwa, Modu Kolo, wanda tun suna samari shi da Ardo ba su taɓa haɗuwa ba su zagi juna ba. Da ya dawo daga tafiya ya ji labari, ko takalmi bai cire ba. Ya sa matarsa ta dama kunun kanwa, ya ɗauka a kansa da rana tsaka, ya nufi ruga mutane na kallo. Ya banke asabarin bukka ya daka tsawa.

"Kai Maude, bawan ubana! Wa ya ba ka izinin mutuwa? Shanuna ka kashe da sakaci, yanzu kuma kana so ka gudu lahira in rasa mai yi mini bauta? Tashi ka sha, malalaci, ko in ɗura maka kamar ɗan akuya!"

Can sai wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Kunun Barebari, ko kare ba ya sha." Modu ya ce, "Shi ya sa na kawo maka." Ardo ya juyo, ya karɓi ludayi, ya sha har ya ga ƙasan ƙwarya. Matan ruga suka yi ta kuka don murna.

Sai dai dogarai sun ji, kuma doka doka ce. Kafin Modu ya kai ƙofar gari an kama shi. Sarki ya yanke hukunci a take: Modu Kolo ya bar garin da aka binne ubansa da kakansa, ranar kasuwa mai zuwa.

Waziri ya shiga ya fita. Ya je wurin alƙali, alƙali ya ce shi bai iya warware abin da Sarki ya ƙulla ba. Ya je wurin limami, limami ya yi wa Sarki magana, Sarki ya ce, "Malam, addini ya yarda a kira ɗa bawa?" Limami ya yi sallama ya fita. Waziri ya koma ya durƙusa ya ce, "Zaki, mutumin nan rai ya ceta." Sarki ya ce, "Da ya cece shi da magana mai daɗi." Waziri ya ce, "Mun gwada mai daɗi, ranka ya daɗe, ni da kaina na gwada." Sarki ya kau da kai. Labari kuma ya zo daga ruga cewa tun da Ardo ya ji an kama Modu ya sake juya wa ƙofa baya.

Dabara ɗaya ta rage wa tsohon. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a taɓa rufe shari'a a fadar nan ba a ji ta bakin wanda aka zalunta ba. A kawo Ardo ya faɗi abin da aka yi masa." A ransa yana cewa in Ardo ya ce ya yafe, Sarki zai sami hanyar sassauci ba tare da ya ji kunya ba. Ya ma aika a asirce aka gaya wa Ardo kalmar da zai faɗa: na yafe, shi ke nan.

Aka kawo Ardo 'ya'yansa na riƙe da shi, ya rame ya zama kamar kara. Ga Modu a gefe tsakanin dogarai. Sarki ya ce, "Ardo, mutumin nan ya zage ka?"

Ardo ya ce, "Ya zage ni, ranka ya daɗe."

"Me kake so a yi masa?"

Waziri ya zuba masa ido yana roƙon Allah a zuci. Ardo ya dubi Modu, ya buɗe baki zai ce ya yafe, sai kalmar ta ƙi fita. Ai wanda ya yi maka laifi ake yafe wa, kuma in ya faɗe ta ya mai da Modu bare ke nan a gaban jama'a. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ƙara na kawo. Ina aka taɓa korar bawan mutum ba a tambayi ubangijinsa ba? Babarbaren nan gadonsa na yi. Ba shi da amfani, ga ci ga surutu, amma nawa ne."

Waziri ya dafe kai. Innalillahi! Ya zo ceton mutum ɗaya, ga shi ya jefa biyu. Sarki ya miƙe fuskarsa a murtuke ya ce, "A gabana? To, ku tafi tare."

Ranar kasuwa ta zo. Waziri bai da sauran dabara, bai da sauran magana. Ya shiga wurin Sarki ya ce, "Ban zo roƙo ba, Zaki, na gaji da roƙo. Abu guda nake so. Mahaifinka bai taɓa korar mutum yana zaune a cikin gida ba, yakan hau soron ƙofa ya ga fitarsa, don ya san nauyin abin da ya yanke. Ka zo mu hau." Sarki ya yarda, suka hau.

Hanya ta cika maƙil, Barebari a wannan gefe, Fulani a wancan, sauran jama'a a tsakani. Ga mutanen biyu tafe, Modu da ƙunshin kayansa, Ardo yana dogara sanda. Daidai ƙarƙashin soro ƙafafun Ardo suka ƙi, ya zube. 'Ya'yansa suka yunƙuro, Modu ya daka musu tsawa. Ya jefar da ƙunshinsa, kayan da ya rage masa a duniya ke nan, ya durƙusa ya goya Ardo, ya miƙe da ƙyar, don shi ma ba yaro ba ne.

Yana haki ya ce, "Wannan wace irin masifa ce, ubangiji ke goyon bawa?"

Ardo ya kwantar da kai a kafaɗarsa ya ce, "Yi shiru ka yi sauri, jakina."

An riga an kore su, ba abin da doka za ta ƙara musu, sai suka ci gaba da abinsu. Mutane suna so su yi dariya suna tsoro, suka toshe baki da hannu, hawaye na zuba. Sarki ya daɗe yana kallo. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Baba Waziri, a garin da na tashi ban ga wanda ya goyi wani ba. Kowa nasa ya ja ya gudu."

Waziri ya ce, "Ko sun yi wasa da juna a can, ranka ya daɗe?"

Sarki ya ce, "A'a. Kowa a bayan idon wani yake dariyarsa." Sannan ya ce, "To in na janye, yaya zan rarrabe wasa da zagi? Ni kunnena bai iya ba."

Waziri ya ce, "Ba kai za ka rarrabe ba, Zaki. Wanda aka faɗa wa shi ya sani. In ya kawo ƙara, ka hukunta. In ya rama, ka bar su."

Sarki ya sa aka tsai da su, ya sauko da ƙafarsa har bakin ƙofa. A gaban jama'a ya janye kora, ya mai da doka yadda Waziri ya faɗa, ya kuma ce Modu da Ardo su yafe masa. Ba a taɓa jin sarki ya faɗi haka a garin ba. Wata tsohuwa Banufiya ta rangaɗa guɗa, kasuwa ta ɓarke da hayaniya, kowa yana neman abokin wasansa ya sauke masa abin da ya tara. Waziri Gwadabe kuwa zama ya yi a kan matakalar soro.

Sarkin dogarai ya matso ya ce, "Modu, Sarki ya janye kora, sauke shi a kai shi ruga a kan doki."

Modu ya ce, "Ruga wurin wa? Shanun da babu? In ya koma can ya ga turaku wayam, gobe ma sai ya juya wa ƙofa baya." Ya gyara goyonsa, ya juya, ya ratsa tsakiyar kasuwa da shi har unguwar Barebari. A zauren Modu Ardo Maude ya ƙare kwanakinsa, yana cin tuwon gidan safe da yamma yana cewa bai taɓa cin marar daɗi irinsa ba.