Ranar da Maharazu Ya Sari Bakin Magudana

Akwai wani manomin rani a Kadawa, can a shekarun 1980, ana ce masa Maharazu. Ƙwazo kam ba a magana, amma kullum sai ka ce korarsa ake yi. Ko tuwo a tsaye yake ci.

Wata shekara ya sayar da shanun huɗarsa, ya zuba komai a tumatir. Shuka ta yi kyau har ta fara fure, abincin gidansa na shekara duk yana cikinta.

A wancan lokacin, da 'yan bututu ake jawo ruwa daga magudana zuwa gona, yana zuba sannu a hankali. Wannan jiran shi Maharazu ya tsana.

Wata ranar kasuwar Bunkure, ga layin ban ruwa ya zo kansa, ga motar da zai bi zuwa kasuwar tana shirin tashi. Sai ya ɗauki fartanya ya nufi bakin magudana.

Maƙwabcin gonarsa, wani dattijo mai suna Hambali, ya ɗaga murya: "Maharazu, kada ka sari wurin nan! Ƙasar ciko ce, in ta buɗe ba ta rufuwa."

"Haba Baba, ɗan tsagi ne kawai. In na biye wa bututun nan ai sai kasuwa ta watse."

Ya sara, gona ta sha nan da nan. Ya cusa ciyawa da laka a tsagin, ya ruga ya hau mota yana jin ya yi dabara.

Da la'asar ya dawo, ya wuce gona. Tsagin ya zama kamar ƙofar zaure. Ruwa ya share kunyoyi, tumatir ya kwanta cikin taɓo, har ruwan ya tsallaka ya cinye albasar Hambali.

Dattijon na tsaye cikin ruwa iya gwiwa. Bai zage shi ba, kuma wallahi gara a ce ya zage shi.

"Naka ya tafi, nawa ya tafi," in ji shi. "Yanzu kuma ina za ka?"

Lokacin dashe ya riga ya wuce. Maharazu ya jinginar da gonar don ya ciyar da iyali, bai ƙara fanso ta ba. Daga baya a cikinta ya riƙa ƙwadago, yana tsinkar wa wani tumatir.

Darasi: Hanzari daban, garaje daban, kuma sauri kan haifi nawa. Ɓarnar mai gaggawa ba ta tsayawa a gonarsa kaɗai. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana riƙe da fartanyarsa yanzu.