Ɗanyar Fata a Wuyan Duna

Akwai wani manomi a Fassi mai suna Isiyaku, a shekarar da Turawa ke tattara komatsansu za su bar mana ƙasarmu. Mutum ne mai ƙwazo, amma fa taurin kai sai dai a bar masa.

Gonar masararsa a gindin dutse take, birai kuwa sun mai da ita tasu. Da abin ya ishe shi, ya je rugar amininsa Bappa Hammadu ya roƙo ɗan kwikwiyo, aka sa masa suna Duna. Aikinsa ɗaya ne: ya yi haushi, birai su tsere.

To, Duna akwai rawar kai. Duk igiyar da aka sa masa don a ja shi gona, sai ya zare kansa a hanya ya bi kajin mutane. Kullum Isiyaku cikin ba da haƙuri yake.

Babbar Salla ta zo a farkon damina. Isiyaku ya yanko siririn ziri daga ɗanyar fatar ragon layya, ya zagaya wuyan Duna da shi, ya ƙulle tamau.

Matarsa Tani ta ce, "Malam, ɗanyar fata fa in ta bushe tsukewa take yi, ga shi karen girma yake. Ka kai wa dukawa su yi masa na jemammiya mai faɗi."

Ya ce, "Kare ne ko ango? Ki ji da tukunyarki."

Zare kai dai ya ƙare. Amma sannu a hankali Duna ya daina guje-guje. Ya rage ci. Haushinsa ya koma wani ɗan gurnani da ko akuya ba za ta ji tsoronsa ba. In an ja igiya sai ya turje, Isiyaku kuma ya ƙara fizga.

Tani ta sake cewa, "Malam, ko ƙanzo ba ya iya haɗiya fa."

"Lalaci ne! Kin sangarta shi."

Masara ta yi goyo, gwanin sha'awa. Wata safiya Isiyaku ya ɗaure Duna a bakin gona ya tafi kasuwar Kibiya. Da ya dawo, wayyo! Birai sun yi kaca-kaca da rabin gonar, ga Duna kwance yana kallonsu, bakinsa a buɗe, ba sauti.

Ran Isiyaku ya ɓaci matuƙa. Ya ja karen ƙiii har ruga, yana tafe yana masifa.

"Bappa, ga tsiyarka nan! Karen banza ka ba ni. A gabansa aka cinye mini abincin 'ya'yana."

Bappa ya tsuguna. Ya yaye gashin wuyan Duna. Fatar ta bushe ƙamas, ta nutse cikin nama, wurin har ya fara wari.

Ya ce, "Isiyaku, zo ka sa yatsanka a nan."

Isiyaku ya gwada. Ko farce bai shiga ba.

"To da wane maƙogwaron zai yi maka haushin?"

 Bappa ya yanke fatar da wuƙa a hankali, ya wanke ciwon, ya shafa man shanu. Duna ya ja wani dogon numfashi, ya juyo ya lashi hannun Isiyaku. Kunya ta kama Isiyaku, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ciwo ya warke. Isiyaku ya je wurin dukawa da ƙafarsa, aka yi wa Duna abin wuya mai faɗi da laushi, wanda yatsu ke shiga ƙarƙashinsa ba wahala. Amma muryar Duna ba ta ƙara dawowa ba.

Sauran rabin gonar kuwa dole a tsare shi. Har aka karya masara, kullum za ka ga Isiyaku a gindin dutse yana kaɗa gwangwani, yana yi wa birai ihu har muryarsa ta dushe. Duna na zaune a gefensa shiru, yana kaɗa masa wutsiya.

Darasi: Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, kuma amana ce da Allah zai tambaye ka. Kafin ka kira ta malalaciya, duba abin da ka ɗaura mata, ka kuma saurari mai ba ka shawara. Ku tura wa duk wanda kuka san yana kiwo.