Rema Mai Kiran Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku, ta gangaro daga kan dutse a guje!

Ta iso mu ji ta, Gwaggo!

To ku matso. Ke Ladidi, janye zanenki daga bakin wutar nan.

Wani kogi ne a can ƙasar duwatsu. Mafarinsa a ƙolin tsauni yake, ɗan ruwa yana tsattsafowa daga tsagar dutse, sanyi ƙarara, in ka kurɓa sai haƙoranka sun gaya maka. Daga nan ya faɗo ta magangara, ƙuuu, da farin kumfa, ya kurɗa cikin kwazazzabo, ya yi ta kwana-kwana tsakanin gora da tukurwa. Sai can ƙasa ya baje a kan yashi, ya yi ɗumi, ya yi lalaci. A sama bika ne da gaggafa, a tsakiya ƙaguwa da karen ruwa. A ƙasa kuwa manya ne, Kada da Dorina, ga Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya.

A can ƙolin Rema yake, wani ɗan dunƙulallen dabba mai kama da zomo, sai dai kunnensa gajere. Ba ya noma, ba ya su, ci kawai. Shi ne ya lura da wani abu. In aka tafka ruwan sama a kan tsauni, a ƙasa rana ce tarwai, ba wanda ya san an yi. Kogi kuwa sai ya gama zagaye-zagayensa kafin ya kai. Shi ko Rema yana da wata 'yar hanya ta sulɓin dutse, zuuu, ya riga shi isa.

Ran nan hadari ya zuba a sama. Rema ya sulalo ƙasa, ya tarar Kada da Dorina suna ta rigima a kan ɗan gurbin ruwan da ya rage.

Ya ce, "Manya, me ya yi zafi? Ruwa kuke so? Ai kogin nan yarona ne. In na kira shi, a guje yake zuwa."

Dorina ta yi dariya har ta ƙware. Rema ya ɗare kan dutse, ya juya, ya buga ƙafa, ya rera:

"Kogi taho, kogi taho,
Ubangidanka na kira,
Taho da ja, taho da kumfa!"

Bai rufe baki ba sai ga rugugi daga kwazazzabo. Kogi ya kawo, ja wur, da itatuwa da komai, ga rana tsaka, ba ko ɗigon gajimare! Zalɓe bai san sa'ad da ya sauke ɗaya ƙafar ba.

Shi ke nan, Rema ya zama mai kiran kogi. Aka yi ta kawo masa ɓaure, aka kawo ɗinya, aka kawo kanya. Ya ci, ya hau tsauni, ya jira hadari, ya sulalo, ya kira. Ya ci, ya hau, ya sulalo, ya kira. Tun yana hawa da gudu, ya koma hawa da nishi, har ran nan ya ɗaga kai ya dubi tsaunin, ya dubi tumbinsa, ya ce gobe. Goben nan ba ta zo ba. Ya yi zamansa a ƙasa kusa da tulin ɓaure, inda ba ya ganin abin da sama take ciki.

Aka daɗe kogi bai kawo ba. Gurbi ya ƙafe, bayan Kada ya fara tsagewa.

Kada ya ce, "Rema, kira mana yaronka."

Rema ya rera, shiru. Ya sake rerawa har da rawa, shiru. Sai ji ya yi caraf, Kada ya cafke masa wutsiya, doguwa mai gashi, abar alfaharinsa.

Kada ya ce ta gefen baki, "Ka cinye mana daji. Yau ko ruwa ya zo, ko kai ka wuce cikina."

Amma bakin Rema bai mutu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ya yi nisa ne, ba ya jin kira daga nan. Kai ni kusa da gidansa, ka ga aiki."

Kada ya ce, "Mu je. Wutsiyar dai tana hannuna."

Suka kama hanya, Rema a gaba, Kada a baya da wutsiya a baki. Suka bar yashi, suka shiga duwatsu. Kada bai taɓa zuwa nan ba. Dutse ya goge masa ciki, ruwa ya fara sanyi, tafiyarsa ta koma ta hawainiya. Bika suka jeru a kan tsauni suna ihu, "Ku zo ku ga Rema yana kiwon Kada!"

A kwazazzabo sai Rema ya ga Ƙaguwa tana jan 'ya'yanta daga rami, suna hawa gangare a karkace. Ya rage murya ya ce, "Inna Ƙaguwa, ina zuwa da yara haka?"

Ta ce, "Ba ka ga ruwa ya gurɓace ba? Ga ganye yana biyo shi. An yi ruwa a sama, yana hanya. In kana da hankali ka nemi tudu."

Wayyo daɗi! Rema ya ja Kada har gindin magangara. Can ya ga saiwar ɓaure ta leƙo daga tsagar dutse, ya rungume ta da hannu bibbiyu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsaya a tsakiya sosai, don ruwan farko ya zama naka."

Kada yana karkarwar sanyi ya gyara tsayuwa, ya ƙara datse haƙora. Rema ya buɗe murya:

"Kogi taho, kogi taho..."

Ai bai kai ga kumfa ba. Ruwa ya faɗo musu kamar an rushe katanga! Ya ɗauki Kada, ya juya shi, ya maka shi da wannan dutse, ya maka shi da wancan. Rema ya riƙe saiwa, Kada ya riƙe wutsiya, kogi ya ja. Sai ɓat! Kada ya yi ƙasa, wutsiya a bakinsa.

Da ya isa yashi, jiki duk ƙulu, ya tofar da ita ya ce, "Jama'a, na gani da idona. Yaron nan gaskiya yake faɗa, kogi nasa ne!"

Aka ruɗe da murna. Aka tara ɓaure tuli guda, irin wanda ba a taɓa tarawa ba, ana ta kiran Rema ya sauko a ba shi haƙuri. Ina! Tsoron haƙoran Kada ya hana shi. Yana can kan dutse, gindi dungu, yana shan rana yana haɗiyar miyau, yana kallon bika suna sauka suna kwashe masa ganima. Har yau in kun je duwatsu za ku gan shi zaune yana leƙen ƙasa, ba wutsiya, ba ɓaure.

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa! Duk wanda zai ci abinci da ƙarya, ya riƙa rage loma, don hawan dutse na nan gaba. Ka ji ko, Tanko? Ajiye ƙanzon nan haka.