Yarima Osbatu Ya Tafi Neman Inna Mabila

A wani zamani mai nisa, can a tsibirin Ingila inda ruwan sama bai san damina da rani ba, an yi wani sarki mai suna Ranulfu, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da 'yan'uwan ubansa a kan gadon sarauta, ya kuma shekara tara yana jiran magaji. Ranar da Allah ya ba shi ɗa namiji, aka yi ta kaɗa ƙararrawa a majami'u har tsuntsaye suka ƙaurace wa birni, aka yi wa jaririn wanka a tasar azurfa, aka raɗa masa suna Osbatu. Mata huɗu aka ɗauka don jijjiga gadonsa. Uku 'ya'yan manya ne, ta huɗun kuwa, Mabila, 'yar makiyayin tumaki ce, kuma a hannunta kaɗai yake yin shiru.

Al'adar ƙasar ita ce, magaji na cika shekara uku sai a raba shi da uwarsa, a kai shi wani gida mai ganuwa a bakin iyaka, a ba shi tasa fadar da nasa malaman. Masana suka rubuta kundi mai dokoki arba'in, suka ce haka ake yin sarki. Su dai suka faɗa, ba wanda ya tambayi yaron, wanda ya kwana bakwai yana kuka a ƙirjin Mabila.

A can ya koyi Latinanci da Faransanci, da shari'ar ƙasa da tarihin sarakuna, da harbin baka da sukan mashi a kan doki, da farauta da shaho. Bisa doka, ba ya kai loma baki sai maɗanɗani ya ɗanɗana, kuma ba mai zama tare da shi a kan abinci.

Yana da shekara goma sha bakwai, wata rana da hantsi Mabila na shanya a bayan ganuwa, sai wata guguwa mai sanyin ƙanƙara ta sure ta, aka ji murya daga sama tana cewa, "Zamharira sarkin aljanu yana da jariri mai kuka. Ya ɗauke ta, babu ranar mayarwa!"

Babban malaminsa Girigori ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar aiki ce fa. A samo wata."

Osbatu ya ce, "Malam, ka koya mini sunayen sarakuna sittin. Cikinsu wa ya taɓa share mini majina?" Ya ɗaura takobi, ya hau doki.

Ya ƙetare teku, ya faɗa Hamadar Gishiri, inda duwatsu ke tafiya da ƙafafunsu, rijiyoyi kuma ke gudu in sun hangi mai ƙishi. Ya sare macizai masu kai bakwai bai ji komai ba. Abin da ya kusa kashe shi gurasa ce. Tana nan cikin jakarsa da cuku, amma ya kwana uku bai ci ba, don babu maɗanɗani.

Yana zaune ya tasa gurasar a gaba, sai ga wata budurwa bisa jimina, fuskarta na haske kamar watan daren sha huɗu.

Ta ce, "Kai baƙo, azumi kake yi ko hauka?"

Ya ce, "Ba a ɗanɗana ba."

"Wa ya ɗauko ta tun daga gida?"

"Ni."

"Au, to kanka kake tsoro?"

Ta diro, ta zauna gab da shi, ta gutsura, ta sake gutsura, har ta cinye rabi. Ta ce, "Na ɗanɗana. Gishiri ya yi kaɗan." Osbatu, wanda tun da ya yi wayo ba a taɓa zama a ci da shi ba, ya ji gurasar nan ta fi duk liyafar fada daɗi. Ta gaya masa ita ce Nuwaira 'yar Zamharira, kukan ƙanenta ne ya koro ta, wata tara ba ta ji muryar kanta ba. Da ya faɗa mata wadda ya fito nema, ta ce za ta nuna masa hanya.

Suka isa Birnin Madubai, mai ƙofofin zinariya da tituna na zumurrudu, inda kifaye ke iyo a iska, itatuwa kuma ke 'ya'yan lu'ulu'u. Shugaban matsafan birnin, Ƙarmuɗu, wanda ke mai da baƙi dinya ta hanyar abinci, ya shimfiɗa musu liyafa. Nuwaira ta miƙa hannu, Osbatu ya riƙe ta.

Ya ce, "Ya kai mai masauki, ni ɗan sarkin Ingila ne, ba na ci sai an ɗanɗana. Bismilla, ka fara."

Ƙarmuɗu ya ce, "Ya kai ɗan Adam, zargina kake yi a gaban jama'ata?"

"Girmama ka nake yi. A ƙasarmu sai amintacce ake ba wannan aiki."

Matsafa dubu suka zuba wa shugabansu ido, kunya ta hana shi ƙi. Ya kai loma, nan take ya zama dinya, ya fita yana kwakwazo. Nuwaira ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe cikin dokokinku arba'in ɗin nan akwai ɗaya mai amfani!"

Tun da sauran tafiyar yini biyu suka fara jin kukan jaririn. A fadar ƙanƙara da ke cikin wani dutse suka tarar da aljanu sun toshe kunnuwa da auduga, Zamharira na zaune idanunsa jajur.

Osbatu ya ɗaga murya ya ce, "Ya kai sarkin aljanu, ka ɗauko matar da ta goye ni. Ka ba ni ita, ko ka zare takobi."

Zamharira ya ce, "Ya kai ƙaramin bil'adama, na halaka rundunoni kafin a haifi kakan kakanka, kuma wata tara ban runtsa ba. Zo in huce a kanka!"

Suka kaure tun hantsi har la'asar, takubba na tartsatsi, dutse na girgiza, har Osbatu ya shammace shi ya kai shi ƙasa. Zamharira ya ce, "Ka yi nasara, amma ko yanka ni za ka yi ba zan sake ta ba. Da ita bango kawai ke tsagewa, in babu ita dutsen ne zai rushe a kanmu."

Sai ga Mabila ta fito da jariri a kafaɗa. Ta dubi Osbatu sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, dubi yadda ka rame! Wa ke ba ka abinci?"

Ya rungume ta ya ce, "Inna, me ke damun yaron?"

Ta ce, "Kundinku mana. Ubansa ya ji labarinka, ya sa aka kwafo masa shi, kuma don ya fi sarkin Ingila, sai ya raba yaro da uwarsa yana kwana uku. Tun da na zo nake cewa a kai shi wajenta, sun ce ba ya cikin kundi."

Osbatu ya miƙar da Zamharira tsaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni aka rena da kundin nan, ni zan ba da shaida. Ya koya mini riƙe takobi, amma ba shi ya sa na ƙetare teku ba. A kira uwarsa."

Aka kira sarauniya, ta taho a guje mayafinta na jan ƙasa. Jariri na jin ƙamshinta ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru. Aljanu suka zare auduga ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan fada ta ɗauki guɗa, Mabila ta daka musu tsawa kada su tashe shi.

Zamharira ya sallame ta da raƙuma ɗari na alharini, ya kuma aura wa Osbatu Nuwaira, wadda ta ce ta yarda bisa sharaɗin a ƙara gishiri a gurasar Ingila. Aljanu suka ɗauke su zuwa gida cikin ƙiftawar ido, aka yi biki kwana arba'in. Sarki Ranulfu, da yake tsufa ya kama shi, ya sauka ya ba ɗansa gado.

Ranar naɗi, majami'a ta cika da hakimai da jarumai da jakadun aljanu, aka ɗora wa Osbatu kambi, nauyinsa ya ɗan sunkuyar da shi. Daga sahun gaba Mabila ta ce da ƙarfi, "Ɗan nan, miƙe wuyanka!"

Sarki ya miƙe wuya. Hakimai ma suka miƙe nasu, har da aljanu.