Fatalwowin da Ba a Sallama Ba

A zamanin da ake sayar da mutum kamar akuya, an ce an kama wani maharbi ɗan ƙasar Kabi mai suna Arzika, aka ƙetara teku da shi zuwa gonakin shinkafar Amurka. Arzika gagara-sarƙa, mai kwana inda namun dawa ke tsoro. Sai da furfura ta fito masa sannan ya samu ya gudu, ya ja wasu bayi cikin wata fadama mai kadoji, har suka iske tudu guda busasshe.

Ashe tudun yana da masu shi. Nan iyayengiji suke zubar da gawar bayin da aiki ya kashe, ba wanka, ba salla. Kullum rana ta take sai fatalwowinsu su fito da fartanyu, kai sunkuye, su yi ta noma. Abin tausayi, ba su san shuka ba, ba su san ciyawa ba. Duk abin da mutanen Arzika suka shuka sai su nome shi. Iri ya kusa ƙarewa, har wasu suka fara zancen komawa hannun mai bulala.

Arzika ya bi su da halin maharba. Ya harba kibiya, ta wuce ta jikinsu. Ya binne layu, suka nome har layun. Ranar da dabara ta ƙare masa, ya zauna a ƙasa a gajiye yana kallon wani tsoho a cikinsu, wanda bayansa ya tanƙware, yana ta noma da fartanya. Sai bakinsa ya faɗi abin da ake faɗa a gida.

"Sannu da aiki, Baba."

Tsohon ya ɗago kai. "Yaro, an ce a tashi ne?"

Hawaye ya zubo wa Arzika. "An ce, Baba. Kawo fartanyar, je ka huta."

Ya karɓa ya karya ƙotar a gwiwarsa. Haka ya bi su ɗaya ɗaya yana yi musu sannu, suna kwanciya suna ɓacewa.

Garin da ya kafa a tudun yana nan, inji masu ba da labarin. Har gobe idan suka binne mamaci sai sun karya ƙotar fartanya a kan kabarinsa, dattijo ya sunkuya ya ce masa, "An tashi."