Wazirin da Ba Ya Riga Sarki Cin Abinci

A Birnin Tsamiya an yi wani sarki mai suna Jatau, adali ne mai karamci, illarsa ɗaya ce: in ya zauna fadanci da hantsi ya kama zance, sai la'asar ta riske shi bai tuna da abinci ba. Wazirinsa kuwa, Tanimu, dattijo ne wanda ya goya sarkin tun yana rarrafe, har yau kuma Baba sarkin ke ce masa. Shekarar da ta wuce Waziri ya yi fama da ciwon shawara mai tsanani, ya tashi da ƙyar, idanunsa ba su gama washewa ba.

Wata rana, fada cike, sarki na tsakiyar bayani, sai Waziri ya jiƙe da gumi, hannunsa na rawa, ya ɗaga murya ya ce, "Kai Jatau, rufe mana baki haka nan!" Da abin ya maimaitu, fadawa suka ce tsohon ya soma shan giya a ɓoye, lalle a tuɓe rawaninsa.

Abin ya yi wa sarki ciwo ƙwarai, don yana ƙaunar tsohon nan. Ya kira Alƙali Sambo, wanda ya haɗa ilmin shari'a da na ɗibbu, wato magani, ya ce, "Allah gafarta malam, warware mini wannan. Mutum ya girmama ni da safe, ya wulakanta ni da la'asar. In na ƙyale shi na zubar da martabar sarauta, in na tuɓe shi na kunyata wanda ya goya ni."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yaushe Waziri ke cin abinci?"

Sarki ya ce, "Ai al'adar gidan nan ce, waziri ba ya kai loma baki sai sarki ya ci."

"To, sarkin fa, yaushe yake ci?"

Sarki ya sosa ƙeya.

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, tuwo da fura in sun shiga ciki zaƙi suke komawa a cikin jini, da shi jiki ke aiki, musamman ƙwaƙwalwa. Hanta ita ce rumbun jiki: in an ƙoshi ta kwashi rarar zaƙin ta adana, in an daɗe ba a ci ba ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan. Shi ya sa kai kake wuni kana zance garau. Shi kuwa ina zaton ciwo ya raunana hantarsa, ajiyarta ba ta kai shi la'asar, hankalinsa sai ya gushe kamar na mashayi. A jarraba maganata: in abin ya taso, a ba shi zuma. Zuma ba ta warware maye nan take."

Kashegari sarki ya ja zance kamar kullum, ransa na suya. Can gumi ya keto wa Waziri, harshensa ya soma harɗewa. Sarki bai jira bafade ba, ya sauko daga karaga, ya durƙusa, ya riƙa ba shi ruwan zuma a ludayi da hannunsa. Ba a jima ba gumin ya tsaya, idanun tsohon suka dawo daidai. Ya dubi ludayin, ya dubi sarki, ya ture ludayin a firgice, ya ce, "Subhanallahi! Ranka ya daɗe, ka ci kuwa?"

Hawaye ya zubo wa sarki. Ya ce, "Baba, yunwata kake ɗauka, ni kuwa saura kaɗan in hukunta ka a kanta. Daga yau kai za ka riga ni ci, umarni ne."

Ya ba Alƙali alkyabba da ingarman doki. Fadanci kuma ya riƙa tashi da azahar, abin da fadawa suka yi murna da shi a ɓoye.

Haƙiƙa mai mulki ba ya cika adali sai ya bincika, kafin ya yanke hukunci, ko shi ne sanadin laifin da aka kawo gabansa.